Tuƙin Jirgin Sama: Tun Daga Gida Ake Cin Jarrabawar

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. Guda uku ne, na sojan Ingila, sun taso daga Masar, suka biyo ta Khartum da El Obeid da El Fasher, wato kusan hanyar da kakanninmu suka tako da ƙafa da jaki suna nufin Makka. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya mai da hanyar ta fasinja da wasiƙu. Yau kusan ba gidan da ba a samu wanda ya shiga jirgi ba a cikinmu. Abin tambaya shi ne, yaya ɗanmu zai shiga ta ƙofar gaba, ya zauna a kujerar matuƙi?

An kafa kamfanin Sudan Airways a 1946, ya fara aiki a 1947 da ƙananan jirage ƙirar Dove, da taimakon kamfanin Airwork na Ingila. A 1962 ya sayo Comet, daga baya Boeing 707. Takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya gurgunta shi wajen samun kayan gyara. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 kuwa a filin jirgin Khartum ya fara cin wuta, jirage suka ƙone a ƙasa, zirga-zirga ta koma Bur Sudan, baƙi kuma aka riƙa kwashe su daga Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman. To amma ƙasa ba ta zama babu jirgi. Akwai Badr da Tarco, kuma duk ranar da aka sake gini za a nemi matuƙa. Wanda ya shirya shi za a ɗauka.

Hanyar koyo iri biyu ce. Ko dai mutum ya biya wa kansa makaranta, wadda a Turai takan ci dala dubu 100 ko fiye, ko kuwa kamfani ya zaɓe shi tun bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, ya koyar da shi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, bisa sharaɗin ya yi masa aiki wasu shekaru ko ya biya a hankali daga albashi. Wannan ta biyu ita ce ta talaka, shi ya sa masu nema ke da yawa, gurabe kaɗan. Galibin kamfanoni 'yan ƙasarsu suke ɗaukar wa nauyi. Makarantar Ethiopian Airlines a Adis Ababa da kwalejin Zariya, waɗanda duka aka buɗe a 1964, suna karɓar baƙi, amma da kuɗinsu.

Ke nan matakin farko takarda ce. Kowa ya san wahalar da mutanenmu suka sha kan jinsiyya, har da jikokin waɗanda suka zauna Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar 1994 ta ɗauki wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 1 ga Janairu 1956 a matsayin ɗan ƙasa na haihuwa. Saboda haka uba ya nema wa yaro takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa da fasfo tun yana ƙarami, kuma sunan ya zo iri ɗaya a kowace, da Larabci da boko. Harafi guda ya isa ya sa a ajiye takardun mutum gefe.

Na biyu, shahadar sakandare. Sashen kimiyya ake so, da maki mai kyau a lissafi da fiziks. Yaron da aka bari ya faɗa sashen adabi don abokansa na can, ya ƙuntata wa kansa hanya tun bai sani ba.

Na uku, Turanci. Da Larabci ake karatu a makarantunmu, amma harshen sama Turanci ne. Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙin da ke ƙetare iyaka ya kai mataki na 4 cikin 6 a ji da magana. Haddar nahawu ba ta wadatarwa. Sai kunne ya saba, baki ya sake. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da Larabci a waje ya riga ya san yadda ake sauya harshe, na uku ba zai gagare shi ba.

Na huɗu, likita. Ana duba zuciya da kunne da jini da ido. Tabarau ba ya hana mutum muddin yana gyara gani, amma rashin bambance ja da kore yakan hana. Cutar sikila ma tana hanawa, ko da yake mai ɗauke da rabin ƙwayar kawai akasari ana barinsa. Gara a yi waɗannan gwaje-gwaje tun kafin a sayar da gona ko saniya.

Bayan nan ne ake zuwa gwajin kwamfuta, inda ake auna saurin lissafin ka da yadda hannu da ido ke tafiya tare, sannan a haɗa masu nema rukuni a ba su matsala su warware. A nan ba mai yawan surutu ake nema ba, ba kuma mai sunkuyar da kai ba. Kunyar da muke koya wa 'ya'yanmu ado ce, amma mataimakin matuƙi dole ya iya gaya wa babbansa cikin ladabi cewa akwai kuskure, domin rayuka na bayansu.

Wanda ya tsallake, lasisin aiki yana buƙatar shekara 18 da awa 200 a sama, ko 150 a makarantar da aka amince da ita. Zama kyaftin kuwa sai shekara 21 da awa 1,500 aƙalla. Mata ma ƙofa a buɗe take gare su.

Gargaɗi na ƙarshe: duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a guje shi. Kamfani da kansa yake shelar ɗaukar ɗalibai. Iyaye, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A gyara takarda, a tsaya kan karatu. Allah ya sa mu dace, amin.