Ƙananan Kalmomin da Ke Kayar da Ɗalibai a Jarrabawar Turanci

Duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, akwai gidajen da za ka tarar an yi jugum. Yaro ya ci Lissafi, ya ci Kimiyya, ya ci Hausa da Addini, amma a gurbin Turanci an rubuta D7. Wannan maki ɗaya ya isa ya zaunar da shi a gida shekara guda cur, domin jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a cikinsu. Kiredit kuwa daga C6 yake farawa. Sai uba ya sake neman kuɗin rajista, uwa ta shiga rarrashi, yaron kuma ya ƙudurta a ransa cewa abin da ya kayar da shi rashin sanin manyan kalmomi ne. Daga nan sai ya rungumi ƙamus yana haddar dogon Turanci.

A ganina ba nan matsalar take ba. Ɗan hakin da aka raina ne ke tsone ido. Kaso mai yawa na makin da ke zuba daga hannun ɗalibanmu yana zuba ne ta kan kalmomin da ba su wuce harafi biyu ko uku ba: a, an, the, in, on, at, to, of, but, or. Malaman Turanci sun kasa su gida uku, suna kiran su articles da prepositions da conjunctions. Ba wanda ke jin tsoronsu, shi ya sa ba wanda ke karanta su.

A duba yadda ake gyaran takardar insha'i a WAEC. Ana neman ɗalibi ya rubuta kalmomi kamar 450, kuma maki 50 aka ware wa wannan sashe. A cikin 50 ɗin nan, 10 na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomin tsayawa. Kowane kuskure ɗaya, mai gyara zai zagaye shi da jan biro ya cire rabin maki. Kuskure 20 ke nan sun cinye goman kaf. Yaron da ke mantuwa da the sau ɗaya a kowace jimla, kafin ya kai ƙarshen insha'insa ya gama asarar su. Ban da wannan akwai takardar zaɓi-ka-cike mai tambayoyi 80, inda ake barin gurbi a jimla a ce ka zaɓi kalmar da ta dace. Can kuma JAMB na jira da nata tambayoyin Turanci 60 a kwamfuta, ko da kuwa likitanci ko injiniyanci mutum yake son karanta.

Abin da na lura da shi a rubutun yaranmu shi ne, kurakuransu ba na shirme ba ne. Suna da tsari. In ka tsaya ka duba da kyau, Hausa ce tsaf aka sa mata rigar Turanci. Yaron yana tunani daidai, a harshen da ya sha a nono, sai ya ɗauko kalma ɗaya bayan ɗaya ya musanya. Don haka wanda ya san inda Hausa da Turanci suka raba hanya ya yi rabin aikin.

Mu fara da a, an da the. Bahaushe yana cewa "Malami ne", magana ta cika, ba ta neman ƙari. Shi ya sa yaro zai rubuta "He is teacher", ya ga bai yi laifin komai ba. Turanci kuwa ba ya barin sunan abu guda ɗaya da ake iya ƙirgawa ya tsaya tsirara. Sai an sa masa wani abu a gaba: "He is a teacher". Ba wai Hausa ba ta da hanyar nuna wannan bambanci ba ne. Muna da ita, a ƙeyar kalma muke liƙa ta. Ka ce "Na ga wata mota, motar fara ce." Wata ta gabatar da abin da mai sauraro bai sani ba, wannan ƙaramar r ta ƙarshen motar kuma ta nuna wadda aka riga aka ambata. Haka Turanci yake yi: "I saw a car. The car was white." Ɗalibin da ya riƙe wannan misali guda, ya tambayi kansa "wani littafi nake nufi ko littafin?", zai tsira daga kurakurai masu yawa. Sai dai ya tuna akwai inda mu ba ma sa komai su kuma dole ne su sa, kamar abin da shi kaɗai ne a duniya. Mu "rana ta fito" muke cewa, su "the sun".

Zaɓi tsakanin a da an kuma, an daɗe ana koya wa yara shi a karkace. Ana ce musu su duba harafin farko, in wasali ne su sa an. Kunne ne alƙali a nan, ba ido ba. Hour da honest da h aka rubuta su, amma ba a furta ta, saboda haka an hour, an honest man. University da uniform da European da wasali aka rubuta su, amma da sautin y baki yake fara su, saboda haka a university, a uniform. Masu shirya tambayoyi sun san wannan tarko sarai, kuma ba sa gajiya da ɗana shi.

Akwai wani ramin da ya fi wannan zurfi. A Hausa muna da shawara da shawarwari, labari da labarai, bayani da bayanai. Duk muna ƙirga su. Turanci ba ya ƙirga advice, ba ya ƙirga information, haka news da furniture da luggage da equipment. Don haka "an advice" kuskure ne, "informations" ma kuskure ne, ko da ka ji wani babban ma'aikaci ya faɗe su a rediyo, kuma za ka ji. In ana son ɗaya sai a ce "a piece of advice". Sunayen wurare kuwa sai dai a riƙe su yadda suke: kogi da hamada suna ɗaukar the, kamar the Niger, the Benue, the Sahara, amma tafki ba ya ɗauka, Lake Chad kawai ake cewa. Ƙasashe galibi ba sa ɗauka, sai kaɗan irin su the Gambia da the United States.

Prepositions su ne inda gumi yake. Dalili kuwa, Hausa tana da wata ƙaramar kalma mai aikin mutum uku, wato a. (Abin dariya, haka ake rubuta ta da a ɗin Turanci, alhali ko dangi ba su haɗa ba.) Muna cewa a Kano, a tasha, a bango, duk da kalma ɗaya. Bature ya raba: in Kano, at the station, on the wall. A wajen lokaci ma haka: at ga ƙarfe kaza, on ga rana, in ga wata da shekara. Nijeriya ta sami 'yancin kai in 1960, in October, amma on 1 October. Wannan ɓangaren yana da ƙa'ida, mako guda na aiki ya isa a kama shi, ban da 'yan tawaye irin su at night da ke zaune kusa da in the morning ba tare da wani dalilin da zai gamsar da kai ba.

Wanda ba shi da ƙa'ida shi ne kalmar da ke bin aikatau ko sifa. A nan ne kalmarmu da take jefa yara cikin ruwa. Ɗalibi ya riga ya haddace cewa da ita ce with. To, mu muna cewa ya dogara da shi, ya bambanta da shi, ya yi aure da ita, ya yi fushi da shi. Sai ya bi layi ya rubuta depend with, different with, married with, angry with. A cikin huɗun nan ɗaya ce kawai ta faɗa daidai, ta ƙarshen. Sauran su ne depend on, different from, married to. Wani lokacin kuma Hausa ce ke sa kalma inda Turanci ba ya so. Mun tattauna a kan batun, sai yaro ya rubuta "discussed about the matter", alhali discuss ba ta ɗaukar komai a bayanta. Ya shiga cikin ɗaki, sai ya zama "entered into the room", alhali "entered the room" ne. Wani lokacin akasin haka: mu muna sauraron malam, muna jiran mota, kai tsaye, su sai sun ce listen to, wait for. Ga kuma ya fi, wadda kowa ya san than ce. Amma prefer da senior da junior da superior duk to suke bi. "He is senior than me" ta zama ruwan dare a bakin mutane har ta daina yi wa kunne ciwo, amma jan biron mai gyara bai daina ganin ta ba.

Wannan ne ma ya sa nake cewa kada ɗalibi ya dogara da "haka na ji ana faɗa". Turancin da ake yi a ofis da kasuwa da Facebook a ƙasar nan yana da nasa hali, yana kuma biyan bukatar masu yin sa. Amma ba shi ake tambaya a zauren jarrabawa ba. "Congratulate you for", "request for", "good in English", duk za ka ji su daga bakin masu digiri. Takarda kuwa congratulate on take so, da request ba tare da for ba in aikatau ce, da good at.

Since da for ma su samu layi biyu. Since ita ce tun, tana bin lokacin da abu ya fara: since Monday, since 2020. For tana bin tsawon lokacin: for three days. "Since three days" ba Turanci ba ne.

Sai mahaɗai, wato conjunctions. Mafi shahara a kurakuranmu a nan, daga kyakkyawar Hausa ya fito. "Ko da yake ya makara, amma an bar shi ya shiga." Babu Bahaushen da zai ga aibin wannan jimla. Amma "Although he was late, but he was allowed in" kuskure ne, domin Turanci ɗaya yake yarda da ita, ko although ko but, ba sa zama inuwa ɗaya. Haka because da so. Akwai kuma masu tafiya biyu-biyu kamar tagwaye, waɗanda ba a musanya wa ɗaya abokin tafiya: either da or, neither da nor, not only da but also, no sooner da than, hardly da when. In ka ga no sooner a farkon jimla, tun kafin ka karanta zaɓin da aka ba ka, ka san than kake nema. Tambaya ce ta kyauta ga wanda ya sani.

Kalmar sai kuwa, ita kaɗai ta isa darasi. Dubi yadda muke juya ta: sai gobe, sai ka biya za ka shiga, kowa ya zo sai Audu, sai ya tashi ya tafi. Ta zama until, ta zama unless, ta zama except, ta zama then. Wannan arziki ne na Hausa, amma yana sa yaro ya rikita until da unless, don a kansa abu ɗaya ne. Until lokaci take nunawa, unless sharaɗi. Kuma unless ta riga ta ƙunshi korewa a cikinta, don haka "unless you don't pay" ya juya maganar ta koma kishiyar abin da ake nufi.

Yaya za a yi aikin? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗannan kalmomi ba sa shiga kai a daren jarrabawa. Hanya mafi arha da na sani ita ce ta mutum biyu da tsohuwar jarida. Ka samu shafin Daily Trust ko wata jaridar Turanci da aka tace rubutunta, abokinka ya ɗauki sakin layi ɗaya ya shafe duk wani a, an, the, in, on, at, of, to da ke ciki, ya kwafe ainihin a gefe. Kai kuma ka cike guraben, sannan ku gwada. Minti goma sha biyar bayan la'asar. Duk wadda ka faɗi, kada ka rubuta ta ita kaɗai a littafinka. Ka rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta, a cikin cikakkiyar jimla. Ba on za ka haddace ba, "it depends on the weather" za ka haddace, ka kuma faɗe ta da ƙarfi har bakinka ya saba, yadda aka saba da biya karatu a makarantar allo. Ranar jarrabawa kunnenka ne zai ce maka wannan bai zauna ba, tun kafin ka tuno ƙa'ida.

Littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa suna da amfani, don tambayoyin suna maimaita salo. Amma a yi hattara, wasu amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai kuskure ne. In amsa ta yi maka wani iri, ka buɗe ƙamus irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ke nuna kalmar da ke bin kowace aikatau, yana kuma nuna ko suna ana ƙirga shi ko ba a ƙirgawa. Yawancin yara ma'ana kawai suke dubawa su rufe, alhali abin da suke bukata yana cikin misalan da ke ƙasa.

Ga malamai kuma ina da roƙo. A makarantu da yawa an mai da Hausa laifi a ajin Turanci, har tara ake ci. Na fahimci manufar, amma a wannan darasin dai asara ce. Malamin da ya rubuta "ko da yake... amma" a gefe guda na allo, ya rubuta although ita kaɗai a ɗaya gefen, ya nuna wa yara inda ƙafarsu take zamewa, ya yi a minti biyar abin da jan biro na zango guda bai yi ba. Yaro ba zai daina kuskure ba sai ya ga daga inda yake ɗebo shi.

Kai kuma ɗalibi, idan ka gama insha'inka a zaure, kada ka yi saurin miƙa takarda. Ka ware minti biyar na ƙarshe, ka bi rubutunka da bakin biro, ka tsaya a kan kowane suna ka duba me ke gabansa, ka tsaya a kan kowace although ka tabbata babu but a bayanta.