Komi a Tsakiyar Albasa

A wani lambu kusa da Dosara kalmar komi ta fara ɗaure mini kai. Wani dattijo na ban ruwan albasa, sai ya ɗaga murya ya ce wa jikansa, "Kai yaro, wannan komin ya ƙoshi, toshe shi ka buɗe na gaba." Na waiga hagu da dama. A sanina komi jirgi ne, irin wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace guda. To me ya kawo jirgi cikin albasa?

"Baba, ina komin yake?"

Ya nuna mini da bakin hauya. Ɗan fili ne mai kusurwa huɗu, an tayar masa da gefe da ƙasa don ruwa ya kwanta a ciki. Ya ce haka ya ji iyayensa na kiransa tun ana ban ruwa da jigo, kafin a gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978.

Ban gamsu ba. Kwana biyu bayan nan, a Talata Mafara, na ji wata mai kiwon tumaki tana cewa a zuba dusa a komi. Na leƙa, na tarar da itace ne mai tsawo, an rarake cikinsa. Da za a ƙara masa tsawo a fiƙe bakinsa, da ya ƙetare gulbi da mutum. A nan na fara ganin haske.

Masassaƙi ne ya warware mini sauran, ba ma da magana ba. Na zauna ina kallon yadda yake cin cikin gungume da gizago, sara bayan sara, har rami ya fito. Hannun da ke yi wa masunci jirgi shi ke yi wa makiyayi mazubin dusa. Aikin kuwa tsoho ne ƙwarai. Jirgin da wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, itace guda ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000.

Ashe siffa Bahaushe ya duba: abu mai rami da gefe, wanda ke raba ruwa da abin da ke wajensa. Na masunci yana hana ruwa shiga, na manomi yana hana shi fita. A ganina daga itacen sunan ya sauko ƙasa, don manomi da ya tayar da gefen fili ya ga ruwa ya tsaya, abin da ya saba gani a bakin rijiya da bakin gulbi shi zai zo masa a baki.

Da na koma bakin tafkin Bakolori na tambayi wani saurayi sunan abin da yake tuƙawa, kwalekwale ya ce mini. Na ce komi fa? Ya nuna mini wajen masu albasa.