Dirka da igiya, daga Tsauni har bakin teku

Ɗan yayata yana aikin gyaran jiragen ruwa a Laroshel, wani gari na bakin teku a yammacin Faransa, inda dubban ƙananan jiragen da iska ke turawa suke ɗaure a tasha ɗaya. Ran nan ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani inji ne ya ciro dogon sandan da ke tsaye a tsakiyar jirgi, ya kwantar da shi a ƙasa, wayoyi na reto a jikinsa kamar saiwar rogo. Muna zaune ƙarƙashin gawo a Tsauni na miƙa wa Baffa wayata. Ya kalla, ya sake kallo, ya ce: "Ashe su ma suna sauke jinka. To, yaushe ne damunarsu?"

Na yi dariya, amma da na nutsu sai na ga tsohon ya fi ni gane aikin. A nan ƙasar Matamaye babu magidancin da ke jiran hadarin farko ya taso daga gabas kafin ya duba rumfarsa. Tun watan Afrilu ake yanta shuci, a sayo igiyar kaba ran kasuwa, a tone gindin dirka a ga ko gara ta shiga. Mai jirgi ma haka, sai dai shi lokacin sanyi yake nasa, sa'ad da jirgin ke kan tudu.

Sandan nan, yawanci na alminiyom ne, a jirgi mai tsawon mita 10 yakan kai mita 13 ko 14. Shi kaɗai ba ya iya tsayuwa. Wayoyi ne ke riƙe da shi, ɗaya ta goshin jirgi, ɗaya ta baya, sauran ta gefe da gefe, kamar dai eriyar rediyo da ake ɗaure wa waya ta kowace kusurwa. Kowace waya sili 19 ce na ƙarfen da ba ya tsatsa, an murɗe su wuri ɗaya. Masu sana'ar sukan ce a canza su duk bayan kamar shekara 10, ko da ido bai ga aibu ba, kamfanonin inshora da yawa ma sukan nemi haka.

A nan ne Baffa ya ja carbinsa ya ce ai igiya ba ta tsinkewa a tsakiya, a wurin ƙulli take mutuwa. Gaskiya ya faɗa. Wayar jirgi ma a bakinta take cin amana, inda aka matse ta cikin kan ƙarfe. Ruwan gishiri ya gangaro ya kwanta a ciki, iska ba ta shiga, sai ƙarfen nan da ake yabo ya riƙa rubewa a ɓoye. Daga waje yana ƙyalli, ciki kuwa ya zama kamar dirkar da gara ta cinye ta bar ɓawo. Shi ya sa yaron yake bin kowane baki da gilashin ƙara girma, yana neman tsagar da ba ta kai silin gashi ba. Akwai kuma wata ƴar fil mai baki biyu, ba ta kai tsinken ashana biyu ba, ita ke hana ƙusar da ke riƙe da wayar goshi zamewa. In ta fita, sandan da kuɗinsa zai gina ɗaki a Tsauni ya faɗo kan mutane.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarafa ma suna kishi. In aka ɗaura ƙusar ƙarfen da ba ya tsatsa a jikin alminiyom, gishiri ya shiga tsakani, alminiyom ɗin ne ke zama farin gari. Sai an shafa wani man da zai raba su kafin a ɗaure.

Maganar fitilun jirgi kuwa ba ta da tsawo, don doka ce. Ƙa'idar hana karo a teku ta shekarar 1972 ta ce ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Wanda ya hango ka cikin dare, daga launin zai san inda ka dosa. Jirgin iska da bai kai mita 20 ba yana iya haɗa ukun a fitila ɗaya can ƙololuwar sanda, amma da ya ta da inji ya zama jirgin inji, fitilunsa sun canza. Jirgin iska da bai kai mita 7 ba, in babu hali, ya riƙe tocila a kusa. Na tuna masu amalanken shanu da ke dawowa daga Matamaye bayan isha'i, babu ko ƙyalli, sai mai babur ya zo dab ya ji numfashin sa. Yanzu ana sa ƙwan LED, irin na fitilun solarmu, don ba ya shan batir. Tun da sandan yana ƙasa, har wayar wutar da ke cikinsa ake zarewa a sa sabuwa, don babu mai son hawa mita 14 a kan igiya saboda ƙwai ɗaya.

Inda gardama take shi ne zaɓen zanen gaba, wato ƙyallen nan mai kusurwa uku da ake ɗaurawa a wayar goshi. Akwai ƙarami wanda bai wuce sandan ba. Akwai babba da ke wuce shi ya lulluɓe har baya, ana kiransa jenowa, don a gasar birnin Jenowa na Italiya wani ɗan Suwidin mai suna Sven Salén ya yi fice da shi a 1926. Akwai kuma ɗan mitsitsi mai kauri, galibi ruwan lemo, na ranar guguwa.

Kowa babban yake so, kamar yadda kowane saurayi ke son babbar riga. Ran Juma'a da hantsi, iska na kaɗawa a hankali, babbar riga ta yi kyau. Amma hau babur da ita cikin hunturu ka nufi Damagaram, za ka ji ana jan ka baya. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma lissafin ma ya yarda: in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take bugun zane ya ninka sau huɗu. Babban zane cikin iska mai ƙarfi kwantar da jirgi yake yi a gefe, matuƙi na fama da akala, gudun kuma bai ƙaru ba.

An ƙirƙiro abin da ke naɗe zanen a jikin waya kamar tabarma, a rage shi ba tare da an je goshin jirgi ba. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai zanen da aka naɗe rabi yakan yi tumbi, kamar babbar rigar da aka tattare a kafaɗa za a shiga gona. Tana hana ka faɗuwa, ba ta zama taguwa ba. Ni dai da ni ne mai kuɗin, matsakaici zan ɗinka na kullum, in ajiye ɗan guguwar a jaka. Yaron ya ce masu jiragen da suka daɗe a ruwa haka suke yi, sababbin shiga ne ke tambayar mafi girma.

Baffa ya ce kakansa ya je Makka a ƙasa, shekaru ya yi a hanya, kuma a Sawakin ya shiga irin wannan jirgi na zane ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Ya ce in faɗa wa yaron ya riƙa duba ƙulli da hannunsa, kada ya bar wa yaran shago. Daga nan ya nemi in ara masa wuƙata, ya tashi ya nufi rumfar awaki, ya durƙusa ya soka ta a gindin dirkar gabas. Wuƙar ta shige har ƙota.