Yadda Timber Ya Farfaɗo Bayan Raunin Gwiwa

A ranar 12 ga Agusta, 2023, a wasansa na farko a gasar Firimiyar Ingila, Jurrien Timber ya fice daga fili da rauni a jijiyar tsakiyar gwiwa. Arsenal ba ta daɗe da sayo mai tsaron bayan ɗan ƙasar Holan daga Ajax ba, yana da shekara 22.

Wannan jijiya ce ke riƙe gwiwa idan ɗan wasa ya ja birki ko ya juya farat ɗaya, abin da mai tsaron baya ke yi duk lokacin da ɗan gaba ya nemi yanke shi. Shi ya sa bayan tiyata ake shafe watanni ana ƙarfafa tsokar cinya, domin gaggawar komawa fili kan sa jijiyar ta sake tsinkewa.

Sai bayan wata tara Timber ya dawo, a wasan rufe kakar da suka kara da Everton. Haƙurin ya yi rana: a kakar da ta biyo baya ya kama gurbin dama na baya, kuma a Disambar 2024 ya zura wa Manchester United ƙwallonsa ta farko a ƙungiyar.