Zafin Fitsari Ga Mata: Inda Habbatus Sauda Ba Ta Isa Ba



Idan uwargida ta ce tana jin raɗaɗi wajen fitsari, tana yawan zagawa amma kaɗan ke fita, mara na ciwo, fitsarin ya yi duhu ko wari, galibi ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara. Yawanci E. coli ce, wadda ke zaune a hanji. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita 4, ga ta kusa da dubura, shi ya sa ya fi kama mata.

Ni mai ba da habbatus sauda da zuma ne, amma gaskiya ɗaya ce: ba su ke kashe wannan ƙwayar ba. A je asibiti a gwada fitsari, likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka fi bayarwa shi ne nitrofurantoin, kwana 3 zuwa 7. A sha bayan cin abinci. Yakan mai da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa, kada a tsorata.

Matsalarmu ita ce komai sai mu ce "sanyi". Maigida ya aiki yaro kemis ya sayo kafso huɗu, ta sha kwana biyu, ta ji sauƙi, ta ajiye. Ƙwayar ba ta mutu duka ba, ragowar kuma na iya daina jin maganin. A sha yadda aka rubuta, har ranar ƙarshe. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kuwa cuta ce daban, waɗannan kafson ma ƙara ta suke yi.

Zazzaɓi, rawar ɗari, amai ko ciwo a gefen baya alama ce ta hau ƙoda. Wannan ba a kwana da shi a gida. Haka mai juna biyu, ko da ciwon kaɗan ne, domin yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, kuma ba kowane magani ya dace da ciki ba.

Wajen tsarki a wanke daga gaba zuwa baya. A sha ruwa sosai. Masu riƙe fitsari don kada alwala ta warware, ku bari, malamai ma sun karhanta salla a wannan hali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.