Kula da Fata Daga Ƙarshen Hunturu Zuwa Shigowar Bazara

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, yanayi yakan juya a wannan yanki namu. Iskar hunturu mai kaɗowa daga arewa maso gabas, wadda ke ɗauko ƙura mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan fara lafawa, sanyin asuba ya ja da baya, rana kuma ta fara nuna ƙarfinta. Kafin Afrilu ya raba, zafi yakan kai digiri 40 ko ya wuce a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Muna jan hankalin jama'a, musamman mazauna karkara, cewa abin da ya kare fata a watan Janairu yana iya zame mata nauyi a watan Afrilu.

A lokacin hunturu iska ba ta da laima, tana tsotse danshin jiki, shi ya sa ake fama da kaushi da faso da tsagewar leɓe. Man kaɗanya da basilin da man alayyadi suna rufe fata ne su hana danshin fita, kuma aikinsu ke nan. To, idan zafi ya shigo, jiki yana bukatar fitar da gumi domin ya huce. Mai mai kauri idan ya haɗu da gumi da ƙura yakan toshe ƙofofin gumi, daga nan sai ƙurajen zafi su feso a wuya da ƙirji da gadon baya, wani lokaci har da maruru.

Wannan ba ya nufin a jefar da kwalbar mai rana ɗaya. A farkon bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, iska tana nan a bushe ko da ta yi zafi. Shawararmu ita ce a rage a hankali. A fara sauke mai daga fuska da wuya da hammata da duk inda gumi ke taruwa, a bar shi a diddige da gwiwa da gwiwar hannu da leɓe har zuwa faɗuwar damina. Lokacin shafawa mafi dacewa shi ne bayan wankan yamma, jiki yana da sauran danshi, kuma ɗan kaɗan ya isa. Ruwan wanka ma a bar tafasa shi kamar na hunturu. Sabulun salo yana da kyau, amma mai kaifin toka yakan busar da fata, haka ma dirzar jiki da soso mai kaushi. Mun san ruwa yakan yi wuya a ƙauyuka da dama a wannan lokaci. Inda wanka biyu ba zai samu ba, goge wuya da hammata da matsematsi da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta yana rage ƙuraje ƙwarai.

Masu faso su jiƙa ƙafa, su goge da dutse, su shafa mai. Yanke kaushi da reza ganganci ne, balle ga mai ciwon sukari, wanda ƙaramin rauni a ƙafarsa kan iya zama gyambo.

Inda muka fi son a natsu shi ne batun jarirai da ƙananan yara. Uwa takan saba da shafe jariri da mai, ta sa masa hula da safa, ta naɗe shi da zane biyu, sai zafi ya shigo ba ta sauya ba. A rage masa kaya, a sa masa na auduga mara nauyi, a kwantar da shi inda iska ke shiga. Ƙurajen zafi ƙanana ne, ba sa zuwa da zazzaɓi, kuma sukan baje cikin 'yan kwanaki idan jiki ya sami iska. Amma bazara ita ce kuma lokacin da ƙyanda da sanƙarau suka fi yaɗuwa. Idan ƙuraje suka biyo bayan zazzaɓi da tari da jan ido, suka faro daga fuska da bayan kunne suka gangara jiki, wannan alamar ƙyanda ce. Idan kuma aka ga zazzaɓi mai tsanani da sanƙarewar wuya da amai, ko maɗigar jariri ta kumbura, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiran gari ya waye. Allurar rigakafin ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Akwai kuma mayukan sauya launin fata, waɗanda haɗarinsu ke ƙaruwa da ƙaruwar rana. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin haidirokwinon ko makuri ko sitiroyid. Suna rage launin da ke kare fata daga zafin rana, su sa ta yi siriri, ƙarshe a sami ƙuna da baƙin tabo a kumatu wanda ke da wuyar gogewa, makuri kuwa har ƙoda yake taɓawa. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana wannan ɗabi'a a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Abin takaici, wasu iyaye sukan cuɗa irin waɗannan mayuka cikin man shafawar 'ya'yansu. Haka nan mai ɗauke da sitiroyid yakan kwantar da ƙaiƙayin makero na ɗan lokaci, alhali cutar tana ƙara bazuwa.

'Yan'uwanmu zabiya su ne suka fi kowa bukatar kariya, domin rana tana iya jawo musu kansar fata. Malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kare hasken rana mai lamba 30 ko sama wajibi ne a gare su, sannan a ɗauke musu aikin gona da kiwo na tsakar rana.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da malaman duba-gari na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa. Malaman tsangaya da shugabannin makarantun kwana su riƙa sa a shanya tabarmi da barguna a rana kafin a adana su, kuma inda ƙazwa ta ɓulla a yi wa dukkan masu kwana ɗaki ɗaya magani lokaci guda. Duk unguwar da aka ga yara biyu ko uku da zazzaɓi da ƙuraje a mako ɗaya, mai unguwa ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa ba tare da ɓata lokaci ba.