Ciwon sukari na mai ciki: iri ne ko ƙasa?

Manomin tattasai na bakin Komadugu ya san abu biyu ke kawo amfani: iri da ƙasa. Iri guda, in an shuka rabi a fadama rabi bisa tudun rairayi, ba ya ba da ƴaƴa daidai. Haka muke ganin ciwon sukarin da ke kama mace mai juna biyu.

Yadda yake zuwa

In ciki ya tsufa, mabiyiya tana fitar da sinadarai masu rage ƙarfin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini. Jikin da ya kasa ƙara insulin, sai sukari ya taru. Ɗan da ke ciki ya yi girma fiye da kima, haihuwa ta zo da gardama.

Iri

Macen da uwarta, ubanta ko ɗan ɗakinsu ke da ciwon sukari ta fi kusa da kamuwa. Haka mai ƙiba, da wadda ta wuce shekara 35, da wadda ta taɓa haihuwar jariri mai fiye da kilo 4.

Ƙasa

Mahaifa ita ce gonar farko. Abin da uwa ta ci, ko ta rasa, ba ya sauya irin gado, amma yana barin alama a kansa, ta ƙara aikinsa ko ta rage. An yi yunwa a ƙasar Holan a 1944 da 1945. Waɗanda ke ciki a lokacin, da suka manyanta, matsalar sukari ta fi yawa gare su. A 2008 masana sun tarar da alamar a jininsu, bayan shekara 60. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984, wannan magana tamu ce. Sukarin uwa in ya yi yawa, shi ma yana barin tasa alamar ga ɗa.

Abin yi

Sau da yawa ciwon ba ya nuna kansa. Daga Fulatari har Difa, mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta roƙi a gwada jininta tsakanin mako na 24 da na 28. Ta rage sukari a shayi da fura, ta riƙe wake, kifi, ganye da nono. Bayan haihuwa ciwon yakan tafi, amma yana iya dawowa, don haka a sake gwaji.

Maigida, kai ne da guzurin hanya. Kada nisa ya hana awo.